Yadda Na Bi Gidan Sanyi Kuɗin Aikina

Ku samarin da kuke leƙowa ofishina a Nima, nan Akra, kuna cewa aikin baluwa ba wuya, wai mutum ya je ya kalli gida, ya rubuta lamba, a biya shi, ku samu wuri ku zauna. Sunana Shu'aibu, a Mamobi aka haife ni, kuma na haura shekara talatin ina kimanta dukiyar mutane: gida, fili, mota, injin masana'anta. Idan banki zai ba da rance, ni ake kira in faɗi abin da jinginar za ta kai. Idan magada sun kasa raba gidan mahaifinsu, ni ake kira. Ku lambar shafin ƙarshe kawai kuke gani. Ba ku ga inda aka tsuguna kafin a same ta ba, ba ku kuma ga yadda ake fama kafin kuɗin aikin ya shigo hannu ba.

Aikina na farko wani gida ne a Alajo, kusa da babbar gwata, magudanar ruwan unguwar. Maigidana a lokacin Papa Lamte ne, wani dattijo ɗan ƙabilar Ga wanda ya tashi cikin 'yan Zango har Hausa ta zauna a bakinsa. Gidan ya sha sabon fenti, ƙofofi sai ƙyalli. Na auna ɗakuna, na auna tsakar gida, na fito ina jin na gama. Papa Lamte ya ce, "Shu'aibu, ka ja waccan durowar." Na ja. A bayanta ga tsohon bango da ba a shafa wa fenti ba, ga layin ruwa ya kai gwiwata. Papa Lamte ya fita waje ya sayi koko da ƙosai wajen wata mata a bakin layin, ya zauna a bencinta yana sha. Can ya ce mata, "Mma, damina fa, ina kuke kai kaya?" Matar ta ce ai kowace shekara sai sun kwana a makaranta saboda ambaliya. A hanyarmu ta komawa ya ce da ni, "Mai gida ya yi fenti ne don ni da kai. Mai koko ba ruwanta da mu, saboda haka ita za ka tambaya."

Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa, ina ɗaukar jaka da rana, ina zuwa aji da yamma har na ci jarrabawar samun lasisi. Jakar nan tana nan a wurina. A cikinta akwai tef na awo na ƙarfe, da tocila, da ƙaramar guduma ta ƙwanƙwasa bango don a ji inda siminti ya bar bulo, da sukudireba ta soka katakon rufi a ga ko gara ta cinye shi. Akwai ɗan madubi irin na mata, na leƙa lambar inji idan tana ta bayan inda kai ba ya shiga. Yanzu kuna da na'urar awo mai jan haske da wayar ɗaukar hoto, kuma ni ma ina amfani da su. Amma babban kayan aiki shi ne littafin fili, mai baƙin bango, wanda ake rubutawa da fensir don ruwa ba ya wanke fensir. Kowane aiki da littafinsa, kuma ba a yar da shi ko bayan shekara ashirin.

Wata rana ya kai ni Abossey Okai mu kimanta motocin wani mai sufuri. Na kwafe lambobin da ke jikin takardun motocin cikin minti goma. Papa Lamte ya miƙo mini farar takarda da fensir, ya nuna mini ƙarƙashin mota. Na kwanta a kan kwali cikin baƙin mai, na goge ƙarfen gindin motar da tsumma, na ɗora takarda a kan lambar da aka buga a jikin ƙarfen, na riƙa shafa fensir har lambar ta fito fara a cikin baƙi. Mota takwas, haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, makanikai suna mini dariya. A ta shida lambar ƙarfe ba ta yi daidai da ta takarda ba. Tun daga ranar ban sake kimanta abin hawa ko inji ban shafo lambarsa na liƙa a littafin fili ba.

Masu ba mu aiki kuwa, kowa da lambar da ya zo da ita a ransa. Mai neman rance yana so ka ɗaga. Magajin da yake son ya saye rabon 'yan'uwansa yana so ka sauke. Wani ya kira ka gefe, wani ya aiko maka da rago ana gobe Sallah. Papa Lamte yakan mayar da ragon da kansa, a tasi, ya kuma biya kuɗin tasin daga aljihunsa. Dokokinsa a kan kuɗin aiki biyu ne. Kada ka fara awo sai an sa hannu a takardar yarjejeniya da hatimin mai aikin. Kada ka miƙa rahoto sai an cika maka ragowar kuɗinka. Na riƙe su shekaru masu yawa bayan na buɗe nawa ofishin. Sau ɗaya na sake su, shi ne labarin da nake so ku ji.

Wani kamfanin gidan sanyi ne, ba zan faɗi sunansa ba. Suna shigo da kifi da kaji daskararru, suna sayar wa matan kasuwa kwali-kwali. Suna neman babban rance daga banki, sai suka ce in kimanta musu komai: fili, gini, ɗakunan sanyi huɗu, motoci masu firji guda biyar, janareta biyu. Aiki mafi girma da na taɓa samu ke nan. Mai kamfanin yana yawan tafiya waje, ƙaninsa ne ke gudanar da wurin, kowa Manaja yake ce masa. Shi ya sa hannu a yarjejeniya. Na ce ina hatimi, ya ce sakatariya ta kulle shi a durowa ta tafi asibiti, gobe a buga. Ya ba ni cekin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aiki. Na karɓa na fara.

Sati uku na yi a wurin. Ɗakin sanyi ba wurin wasa ba ne. Za ka shiga da rigar sanyi biyu, fensir yana zamewa daga yatsu, minti goma ka fito ka sha rana ka koma. Na duba kowane injin sanyaya, na leƙa lambarsa da madubi, na tambayi mai kula da su yaushe aka canja masa mai. Na kwanta a ƙarƙashin motocin nan biyar. Da rahoto ya kammala, Manaja ya kira ni ya ce banki na jira ranar Juma'a, in kawo rahoton, ranar Litinin ragowar kuɗina na hannuna. Na kai. Bankin ya karɓi fili da gini jingina, ya bar motoci da janareta, ya ba su rancen. Litinin ɗin nan ban gan ta ba.

Sai shekarun ɗauke wuta suka shigo, abin da muke kira dumso. Wuta ta tafi yini da kwana, ta dawo rabin yini. Gidan sanyi ba ya jure haka. Janareta yana shan gas dare da rana, kuɗinmu sidi kuma yana faɗuwa, kayan da aka sayo da dala ana sayar da su da asara. Ni ma shekarar ba ta bar ni ba. Bankuna sun rage ba da rance, aiki ya ɗauke. Na sallami mai buga mini takardu, na sayar da motata na koma hawa torotoro, motar haya, da jakata a cinya. Duk wata sai na je gidan sanyin nan, a ajiye ni a benci, a ce Manaja yana tashar jirgin ruwa. Wata rana na je na tarar da kwaɗo a ƙofa da takardar kotu manne a jiki. Kamfani ya karye. Kotu ta naɗa wata mata, Madam Adobiya, ta tattara dukiyarsa ta sayar ta biya masu bin bashi.

Na saka riga mai kyau na tafi ofishinta da takarduna, ina ganin magana ce ta rabin awa. Mace ce 'yar siririya mai furfura, akawu ce ta asali, ba ta ɗaga murya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ɗauki takarda ta zana mini layuka.

"Malam Shu'aibu, bari ka ga inda kake tsaye," in ji ta. "Banki zai ɗauki abin da aka jinginar masa. Daga abin da ya rage za a fara cire kuɗin wannan aikin da nake yi. Sai albashin ma'aikata da harajin gwamnati. Sai ku."

"Mu su wa?"

"Duk wanda ya ba kamfani kaya ko aiki ko kuɗi ba tare da jingina ba. Kai da mai kawo musu gas da matan kasuwa, layinku ɗaya."

Na ce mata ai da rahotona aka karɓi rancen, in ba don ni ba ko sisi ba za su samu ba. Ta ce gaskiya ne, amma doka ba ta san wannan ba. Ta miƙo mini fom na shaidar bashi, ta ce in cike, in rantse a kansa gaban mai karɓar rantsuwa, in haɗo da hujjoji. Sai ta ɗauki yarjejeniyata ta juya ta gaba da baya.

"Ina hatimin kamfani?"

Na ce mata ba a buga ba, sakatariya ce ta kulle shi a durowa ranar.

"Yadda takardar nan take, Manaja ne ya ɗauke ka aiki, ba kamfani ba. In na karɓe ta haka, na ci amanar sauran masu bin bashi. Ka kawo mini abin da zai nuna kamfani ne."

Kwana huɗu na yi ina zazzage akwatunan ofis. A cikin littafin filin aikin na sami hoton cekin farko da na ɗauka kafin in kai shi banki, sunan kamfani ɓaro-ɓaro a kai, da sa hannun daraktoci biyu. Na je bankin da ya ba su rance, na yi ta zarya har suka ba ni wasiƙa cewa kamfanin ne ya gabatar musu da rahotona. Madam Adobiya ta karanta duka biyun a tsaye, ta buga wa fom ɗina tambari, ta ce, "Yanzu ka shiga layi." Ba ta rage mini ko kwabo ba, ba ta kuma yarda da ruwan jinkiri da na ɗora a kai ba, domin babu shi a yarjejeniya.

A taron masu bin bashi na fara ganin Hajiya Baraka. Ita ce shugabar masu sayar da kifin sanyi a Kasuwar Malam Atta, doguwa mai murya, ta zo da mata sun fi ashirin. Matan nan sukan ba kamfani kuɗi tun kafin jirgi ya iso, don a ajiye musu kwali. Kuɗin adashinsu ne da jarinsu. Madam Adobiya ta karanta abin da ta tarar: gini na banki ne, asusu babu komai, motoci biyu, janareta ƙarami ɗaya. Idan an biya ma'aikata, abin da zai iso layinmu ba zai sayi ruwan leda ba. Ta kuma ce akwai mata bakwai da ba su da rasit, ba za ta iya karɓar da'awarsu ba.

Hajiya ta miƙe. "Madam, mu ba mu yi makaranta ba, amma muna ƙirga. Mota biyar ke kawo mana kifi. Ina uku?"

Manaja yana zaune gefe da lauyansa. Ya ce an sayar da su tun kafin kamfani ya shiga matsala, tare da babban janareta, takardun kuma ruwa ya lalata su. Na ɗaga hannu na ce ni na ga mota biyar da janareta biyu, kuma ina da lambar kowanne. Madam Adobiya ta dube ni ta saman tabarau ta rubuta wani abu.

Kwana biyu bayan haka Manaja ya zo ofishina da tsakar rana, shi da bai taɓa tako Nima ba. Ya ajiye ambulan mai kauri a kan tebur. Ya ce, "Malam, ga ragowar kuɗinka cif, har da na wahala. Ni dai tsohon littafin nan nake so. Ko ka ce ya ɓata, ai ruwa yana shiga ofisoshi." A lokacin mai ginin ofishina yana bina hayar wata biyar. Na ce masa ya ɗauki ambulan ɗinsa, zan yi tunani. Wata dabara ma ta zo mini: in je wa Madam Adobiya in ce ba zan ba da littafin ba sai ta fitar da ni daga layi ta biya ni, ko ta ba ni aikin kimanta kayan da za a sayar.

Na hau torotoro na tafi wajen Papa Lamte. Ya tsufa, ido ya yi rauni, yana zaune a gindin bishiyar mangwaro da rediyonsa. Na faɗa masa komai. Ya fara da tambayar da na san zai yi.

"Ka miƙa rahoto ba a cika maka ba?"

"Na miƙa, Papa."

"To wannan kai ka yi wa kanka, kada ka ɗora wa matan kasuwa." Ya rage muryar rediyo. "Abin da ke cikin littafin nan, ka gani da idonka?"

"Na gani."

"Abin da baluwa ya gani ba kayan ciniki ba ne bayan ya rubuta shi. In ka sayar wa Manaja, ka gama aiki a garin nan, ko ba wanda ya sani, domin kai ka sani. In ka yi wa matar nan ciniki da shi, kai da Manaja bambancinku kaɗan ne. Ka kai mata."

Washegari na ajiye littafin a gaban Madam Adobiya, na kuma faɗa mata zancen ambulan. Ta buɗe shafukan da na liƙa takardun lambobin da na shafo, ta daɗe tana dubawa. Duk da haka sai da na gwada sa'ata, na ce ko za ta ba ni aikin kimanta kayan gwanjo. Ta girgiza kai.

"Kana bin kamfanin bashi. Duk lambar da ka rubuta, wani zai ce don aljihunka ka rubuta. Wani baluwa zan ɗauka. Amma idan aka gano motocin, kai za ka je ka shaida su, kuma wannan sabon aiki ne, ni na sa ka, daga kuɗin aikina za a biya ka. Tsohon bashinka yana nan a layi, ba zai matsa gaba ko taki ɗaya ba."

Ta sa aka buga yarjejeniya nan take, ta sa hannu, ta buga hatimi, ta turo mini.

Neman motocin, Hajiya Baraka ce ta yi shi, ba ɗan sanda ba, ba lauya ba. Matan kifi sun san kowane direba da kowane ɗan lodi a Akra. Cikin sati biyu ta zo ofishina tana haki, ta ce, "Malam, tashi. Mota ɗaya tana sauke kaji a Alajo, an yi mata shuɗin fenti. Direban ɗan ƙanwar maƙwabciyata ne, shi ya ce tsohuwar motar kamfanin ce. Sauran suna wani gareji bayan Abossey Okai, an rufe su da tamfol." Na ce ta tabbata? Ta ce, "Shekara tara motar nan tana tsayawa a gaban tebur ɗina. Ƙofarta ta baya sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa. Fenti zai gyara wannan?"

Madam Adobiya ta samo umarnin kotu, muka tafi da ɗan sanda da ma'aikacin kotu. A garejin muka buɗe tamfol muka ga mota ɗaya, an cire farantin lamba na jikin ƙofa, an sauya lambar rajista. Mai garejin, wani dattijon makaniki, ya ce shi ajiya aka kawo masa, kuma ya ba ni kwali da kansa. Na kwanta, na goge ƙarfe, na shafa fensir, na fito da takardar na ɗora ta kusa da ta cikin littafi. Lamba ɗaya ce, har da wani bakwai da aka buga a karkace. Ma'aikacin kotu ya duba, ɗan sanda ya duba. Madam Adobiya, da takalminta mai tsini, ta tattare siket ta tsuguna ta haska tocilata ta ga ƙarfen da idonta kafin ta sa hannu. Babban janareta yana bayan garejin. Ta Alajo ma aka kamo ta. Mota ta uku kam mun makara, an riga an farfasa ta an sayar da kayanta ɗaya-ɗaya, sai gangar jiki.

Abin da ya faru da Manaja tsakaninsa da kotu ne, ban bi ba. Kuɗin kwanakin da na yi ina shaida kaya ya shigo cikin wata guda, da shi na biya haya. Sauran kuwa sai jira. Banki ya yi jayayya a kan janareta, wai yana cikin gini, Madam Adobiya ta kai maganar gaban alƙali ta nuna cewa a kan tayoyi yake, ta yi nasara. Aka yi gwanjo, aka biya ma'aikata albashinsu. Duk bayan wata shida takan aiko wa kowannenmu wasiƙa, abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin fetur ɗinta. Ga matan da ba su iya karatu ba, takan zo kasuwa da kanta ta tsaya a rumfar Hajiya ta yi bayani da Turanci da Tuwi, Hajiya tana mayarwa da Hausa. Ban taɓa ganin mai riƙon dukiyar mutane irinta ba. An yi mata tayi, an yi mata barazana, har wasu daga cikinmu sun zage ta don jinkiri. Fuskarta ba ta canja ba.

Sai da aka shekara uku da wani abu kafin a kira mu. Kowa a layinmu ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake bi, babba da ƙarami daidai. Nawa cekin, da faɗuwar da sidi ya yi a tsakani, bai kai ya sayi tayoyin motar da na sayar ba. Na karɓa na sa hannu. Wannan shi ne gaskiyar bin kamfanin da ya karye, kuma mu ma mun yi sa'a, da yawa ba sa samun komai. Saboda haka idan kun fara aiki, ku karɓi hatimi, ku ɗauki hoton kowane ceki, kuma ranar da kuka ji kotu ta naɗa mai tattara dukiya ku kai takardunku kafin wa'adi ya wuce, kada ku zauna kuna jiran alkawarin wani manaja.

Ranar Asabar ta satin da aka biya mu, Hajiya Baraka ta aiko a kira ni kasuwa. Na tarar da matan nan duka a bayan rumfarta, har da bakwai ɗin da aka ƙi karɓar da'awarsu don ba su da rasit. Kowace mai ceki ta canja nata ta kawo, an tara kuɗin a cikin wani babban kwano an rufe da zane.

Hajiya ta ce, "Malam, Madam ta yi nata aikin, takarda ta bi, ba mu ga laifinta ba. Amma mu mun san waɗannan bakwai sun ba da kuɗi, a gabanmu suka ba da. Mun yi shawara za mu sake rabawa da su. Kai ka iya lissafi. Kowa za ta faɗi abin da ta zuba, mu shaida, ka raba mana daidai."

Na zauna a kan kwandon da aka kife, na yage gefen kwalin kifi, na fitar da fensir. Kowace mace ta faɗi nata, sauran su ce haka ne, ko su ce a'a, kin manta kwali biyu da kika karɓa. Wata tsohuwa mai rasit ta ga rabonta zai ragu sosai, ta yi ɗan gunaguni. Hajiya ta ce, "Mma Sala, in ba ki yarda ba ki ɗauki naki cif, ba wanda zai ce miki komai." Tsohuwar ta dubi ɗaya daga cikin bakwai ɗin, wadda take goye da jariri, ta ce, "Ku raba." Awa biyu muka yi. Na sake lissafin sau biyu, na karanta da ƙarfi, aka ƙirga wa kowa nata a hannu, kwanon ya koma fanko.

Na miƙe ina kakkaɓe wando, Hajiya ta ce, "Nawa ne kuɗin aikinka?"

Na ce, "Haba Hajiya, wane kuɗi? Ai layinmu ɗaya."

Ta buɗe firjinta ta ciro manyan kifaye huɗu, ta naɗe su a jarida, ta zuba a leda ta rataya mini a hannu.

"Mu ba kamfani ba ne, Malam," in ji ta. "Ka yi aiki yau, an biya ka yau."